Maganar Toka, Kafin Ki Kama Hanyar Azare

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah Ya tsare miki hanya, Ya sauke ki Azare lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki fara aiki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk majinyacin da kika taɓa. Amin.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya, ƙofar ɗakina tana kallon taki, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa. Kin san halin ubanki. In na buɗe baki zan yi magana mai taushi, sai ta fito da faɗa. Hannun ma da zarto da guduma ya saba, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Shekaranjiya na ɗaga miki murya a kan Toka. Kin ce za ki tafi da magenki, na ce mage ta gida ce, ba a ɗaukarta kamar jakar kaya. Kika ce, "Baba, ni ta sani, ba bango ba." Na ce, "To in kin tafi duti a asibiti wa zai zauna da ita?" Kika sunkuyar da kai, kika ce, "To, Baba," kika shige ɗaki. Wannan "to" ɗin taki ita ta hana ni sukuni. In na je shago sai in gwada katako, in yanka, in ga ya gaza. Jiya na ɓata ƙofar kabad ɗin mutane, abin da rabona da yi tun ina koyon aiki. In na dawo gida kuma sai in tarar da Toka a kwance cikin akwatinki, a kan fararen kayan aikinki, ta zuba mini ido. In zauna, in tashi, in fita ƙofar gida, in dawo.

Nasiha a kan aiki da zaman kwatas ɗin ma'aikata, yayyenki da Gwaggonki Asabe sun cika miki kunne da ita, ba zan ƙara ba. Tawa a kan dabba ce. Na riƙe dabbobi a rayuwata, kuma yawancinsu ban riƙe su yadda ya kamata ba. Ban yi don mugunta ba. Gaggawa ce da rashin lura, da ganin cewa wanda ba ya magana ba shi da abin faɗa.

Ba za ki tuna tattabaruna ba, lokacin kina goye. Muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, gidan nan mai darbejiya a ƙofa da na taɓa nuna miki. Na ƙera musu ɗaki na katako a jikin katanga, kowane miji da mata da nasu gurbin. Da hantsi in watsa musu gero, su sauko har kan kafaɗata. Mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, takan yi mini tsiya ta ce na fi sanin tattabaruna a kan danginta.

Da Allah Ya hore mana wannan gida na Tarauni, na ɓalle ɗakin nasu, na zuba su a kwando, na ɗora a amalanke tare da gado da tukwane. Wani dattijo a layinmu da ya daɗe yana kiwonsu, Malam Audu, ya tsayar da ni ya ce, "Ɗanlami, kada ka sake su sai sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe a sabon wurin." Na ce masa to. Amma ɗoki ya ci ni. So nake in tsaya a tsakar gidan da yake nawa, in ɗaga kai in ga tsuntsayena suna kewaya samansa. Ko gama jera kaya ba mu yi ba na buɗe musu. Suka tashi, suka yi kewaye, suka miƙe Gyaɗi-Gyaɗi. Na hau keke na bi su. Na tarar da su jere a kan tsohuwar katangar, daidai inda ɗakinsu yake a da, wurin da babu komai yanzu sai ramukan ƙusa.

Na kama waɗanda suka kamu. Cikin fushi na fige musu gashin fiffike don kada su ƙara tashi. Akwai wata fara mai ɗigon ja a wuya, mijinta ya ƙi kamuwa, daga baya ma ya ɓace. Ta koma lungun ɗakin ta takure, gashi a tashe. Ta ƙi gero, ta ƙi ruwa. Na buɗe bakinta na ɗura mata, ta zubar. Wata safiya na tarar ta mutu, ba ciwo ko ɗaya a jikinta. Mahaifiyarki ta ce, "Malam, kewa ce ta kashe ta." Na ce, "Tsuntsu ina ya san kewa?" Na faɗa ne kawai don a bar maganar.

Ban ce na yarda ki tafi da Toka ba tukuna, ki bari in gama. Amma duk ranar da kika kai dabba sabon wuri, ki tuna ke kin san dalilin tafiyar, ita ba ta sani ba. An ɗauke ta ne kawai an jefa ta inda komai baƙo ne, har wari. Kada ki buɗe mata ƙofa don kina ɗokin ganin ta saba. Ki bar ta a ɗaki guda har ta shinshina kowane lungu, ta goga kumatunta a ƙafar gado da bakin ƙofa. Tsohon zanen nan da take kwanciya a kai, wanda kullum nake cewa a yar, kada ki wanke shi, a haka za a tafi da shi. Kwanonta ma kada ki canza. Ki zuba mata yashi a tsohuwar roba ki ajiye a lungu. In ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, kada ki jawo ta da ƙafa. Ki zauna a ƙasa kusa da ita, ki yi ninkin kayanki, ki riƙa magana yadda kika saba, da kanta za ta fito. In kuma ta yi fitsari inda bai dace ba, tsoro ne ya sa ta, kada ki ɗaga mata takalmi.

Na tashi na dawo. Wani mai adaidaita ne ya tsaya a ƙofa yana ta danna hon, na zaci mai kawo mini katako ne. Ba shi ba ne. Shayin ma ya huce, na kasa sha. Ina na tsaya?

Karen nan kuwa na san kin tuna shi, don kina firamare a lokacin. Ɓarayi ne suka hauro suka kwashe mini kayan aiki a bayan gida, na yi rantsuwa ba za a ƙara ba. Na samo shi a wurin wani mafarauci daga ƙauye, ja ne, siriri, bai gama girma ba. Na kafa ƙarfe a bayan gida na ɗaure shi da sarƙa. Ko suna ban sa masa ba. Saboda gudun najasa ba na kusantarsa, daga nesa nake wurga masa ragowar tuwo, ruwa kuma in tura masa da sanda. Rana ta fito a kansa, ta faɗi a kansa. Ni a ganina na gama masa komai tunda bai kwana da yunwa ba.

Sai ya fara zagaye. Ya bi iyakar sarƙar ya kewaya, ya kewaya, har sawunsa ya yi hanya a ƙasa. Kika tambaye ni, "Baba, me ya sa yake ta zagaye?" Na ce miki haka karnuka suke. Daga nan ya koma cizon jelarsa har ta yi gyambo.

Maƙwabciyarmu Maman Emeka, wadda take sayar da kayan miyar kudu, ta tare ni wata rana a ƙofar gida ina shirin fita. Ta gaishe ni, sannan ta ce, "Malam Ɗanlami, don Allah kada ranka ya ɓaci. Karen nan naka ba haushi yake yi ba fa, kuka yake yi."

Na ce, "Maman Emeka, kare ai aikinsa ke nan."

Ta ce, "Ko maigadi ne ka ɗauka, ai za ka ba shi inuwa, ka ce masa sannu. In ba ka iyawa, ka ba ni shi."

Na ce mata na gode, na wuce. A raina ina cewa ina ruwanta da karena.

Ranar da abin ya faru, sarƙar ce ta naɗe a jikin ƙarfen har ya kasa kaiwa ga ruwa, ga zafi ana yi kamar a soya mutum. Na matsa da sanda zan warware. Ban ankara ba ya cafke mini ƙwauri. Kin san tabon. Na sha allurai a asibiti, na dawo ina cewa sai an kashe shi. Mahaifiyarki ta bari na gama sababina, sannan ta ce, "Malam, a ba Maman Emeka mana. Ai ta roƙa."

Aka ba ta. Ta sa masa suna Laki. Suka yi masa rumfa, suka wanke masa gyambon, mijinta yana fita da shi yawo da yamma. Walida, ba a daɗe ba karen nan ya zama wani daban. Ya yi ƙiba, ya daina ihun banza. In ya yi haushi, to tabbas baƙo ne ya shigo layi. Ya zama shi ke tsaron layin gaba ɗaya, har da gidana da na so a kashe shi a ciki. Yana kaɗa wa kowa jela, har mai sayar da ruwa. Ni kaɗai ne in na zo wucewa sai ya tashi ya koma gefe, ya saukar da kai. Har ya tsufa ya mutu bai canza mini ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na fake da addini a kan karen nan, kuma addini bai ce in yi haka ba. Malamai sun yi mana bayanin yawunsa, babu wanda ya ce a shanya shi a rana a hana shi motsi. Kin fi ni sanin abin da aka karantar da ku a Islamiyya game da matar da ta kulle mage. Abin da nake so ki riƙe shi ne, cika kwano ba shi ne riƙo ba. Aikinku na jinya na san yadda yake, ki fita da safe ki dawo a gajiye, wani lokacin a riƙe ki har washegari. Mage ba za ta yi miki zagaye da sarƙa ba, amma ɗaki a kulle ma sarƙa ne. Ki nema mata taga mai raga inda za ta zauna ta ga waje, ta ga ƙadangare da tsuntsu. Ki ɗaura ƙyalle a zare ki riƙa ja mata ta bi. Tun ranar da kika sauka ki fara duba wace ce a cikin maƙwabtanki take da tausayi, wadda za ki iya bar wa makulli. In kin shigo daga aiki, kafin ki ɗauki waya, ki zauna da ita ko kaɗan ne. In kuma kika ga riƙon ya fi ƙarfinki, ki faɗa da wuri. Da na saurari Maman Emeka ranar farko, da ba ni da tabo a ƙafa, shi ma da bai yi watanni yana cin jelarsa ba.

Yanzu sai maganar da nake ta kewayewa. Na ajiye biron nan na ɗauka ban san iyaka ba. Har shara na yi a tsakar gida, wadda kika riga kika share.

Akun mahaifiyarki.

Ƙaninta ne ya kawo mata shi daga kudu tun kina ƙarama, toka-toka mai jan bindi. Kejinsa yana rataye a baranda kusa da kicin, inda take wuni. Tana girki tana yi masa hira, ta miƙa masa gyaɗa da hannunta, ta sosa masa kai yana lumshe ido. Ya kwashe komai nata. Dariyarta, tarinta, yadda take ƙwala miki kira, "Walida, kin yi salla?" Kuma duk sanda na yi sallama na shigo, kafin ta buɗe baki ya riga ta: "Malam, sannu da zuwa. A kawo ruwa?" Mu yi ta dariya.

Da Allah Ya karɓi abinSa, 'yan zaman makoki suka watse, yayyenki suka koma gidajensu, ke kika koma makarantar koyon jinya, sai ya rage daga ni sai shi. Ranar da na fara komawa shago, na dawo bayan la'asar, na tura ƙofa na yi sallama don sabo. Sai na ji ta. "Malam, sannu da zuwa. A kawo ruwa?" Muryar mahaifiyarki Binta sak, har da ɗan jan numfashin nan da take yi a ƙarshe. A kan turmi na zauna.

Washegari haka. Wanshekare haka. Na koma in yi ta jinkiri a masallaci don kada in shigo. Na daina sallama a gidana, in lallaɓo kamar ɓarawo, amma da ya ji ƙarar makulli sai ya faɗa. Wani lokacin kuma ba ni yake wa ba, sai ya juya wajen ƙofar kicin ya yi ta tarinta, ya yi shiru yana jira, ya sake. Na lulluɓe kejin da buhu, ya ci gaba daga ciki. Sai na sauke shi na kai sito na rufe ƙofa. Kullum da safe in zuba masa gyaɗa da ruwa, in fito da sauri, ban ce masa uffan ba.

Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa shi ma ya rasa ta. Ni ina da masallaci, ina da shago, ina da masu zuwa yi mini gaisuwa. Shi ita kaɗai gare shi, kuma kiranta yake yi da abin da ya iya. Ni kuma na saka shi a duhu.

Bayan wani lokaci ya yi shiru. Wallahi har daɗi na ji. Sai wata safiya ina neman wani abu a siton na buɗe taga. Ƙasan kejin cike da gashi. Ƙirjinsa tsirara, fata ja, da ɗigon jini inda ya tsige da bakinsa. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya. Na ce, "Aku." Bai ce komai ba.

A ranar na sa shi a adaidaita na kai wa Gwaggonki a Hotoro. Ta ɗaga buhun, ta duba, ta dube ni. Ta ce, "Ɗanlami, me ka yi wa tsuntsun Binta?" Ta ce in tafi kawai.

Da kika zo hutu, na ga lokacin da kika tsaya a baranda kika kalli ƙusar da kejin yake rataye. Kika kalle ni. Ba ki tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Da kin yi mini kuka ko faɗa da ya fi mini sauƙi. A hutun ne kika shigo da 'yar mage a cikin hijabinki, jiƙe sharkaf, kin tsamo ta daga kwata a bayan kasuwa. Kika tsaya kina jira in ce a mayar. Ban ce ba, don ba ni da bakin cewa.

Ki ji ni a nan, 'yata. Dabbar gida tana shan abin da mutanen gida suke sha. In an yi rashi ta sani, in an yi faɗa ta sani, in ana haɗa kaya ta sani. A wurin aikinki za ki ga abin da zai tsaya miki a ƙirji. Wata rana majinyacin da kika yi ta fama da shi zai cika a hannunki, ki dawo ɗaki ba kya son ganin kowa, ita kuma ta zo tana goga miki jiki a ƙafa tana kuka. Kada ki ture ta. Kada ki sauke nauyin zuciyarki a kan wanda ya fi ki rauni don kawai ba zai kai ƙararki ba. Kuma ke ma kada ki kulle kanki ki yi shiru irin nawa. Ki kira Gwaggonki, ki kira yayyenki, ko ni, duk da ban iya lallashi ba.

Jiya da na ɓata ƙofar kabad ɗin nan, rufe shagon na yi na tafi Hotoro. Na ce wa kaina gaisuwa zan je. Na tarar da shi a baranda, jikokin Gwaggonki sun kewaye shi suna ba shi gwaiba. Gashinsa ya dawo, sai ɗan wuri a ƙirji da ya ƙi fitowa. Yana kwaikwayon ƙarar waya, yana kukan akuya, yana cewa, "Kai, ku fita min daga ɗaki!" Na matsa kusa da kejin na yi sallama a hankali. Ya amsa, amma da muryar Gwaggonki. Na sake yi. Ya yi kukan akuya, yaran suka fashe da dariya. Muryar da na yi ta gudu, jiya na je nema, babu ita.

Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, na zo ne in mayar da akun nan gida."

Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Saboda shi ko saboda kai?"

Na ce, "Walida za ta tafi."

Ta ce, "Na sani. Sai ka riƙa zuwa nan kana cin abinci, ƙofa a buɗe take. Amma tsuntsu ya zauna. Da ƙyar na samu ya daina tsigar kansa, wata da watanni ina zaune gabansa ina surutu kamar mahaukaciya. Lokacin da bai yi maka ba ka fitar da shi, yanzu da gida zai yi maka faɗi ka zo ɗauka? A'a, Ɗanlami."

Na fito raina a ɓace, ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba. Har muka yi nisa a adaidaita ina ƙunƙuni, mai tuƙin yana leƙena ta madubi. Kafin mu shigo Tarauni fushin ya sauka, ya bar ni da tambayar tata. Da na ce miki mage ta gida ce, ba Toka nake ji ba. Ina tsoron in tura ƙofa ne in tarar babu mai motsi a gidan nan.

Kuma na san abin da na gani da idona. Lokacin da kika je Azare ganawar neman aikin nan kika yi 'yan kwanaki, ga gida, ga bango, ga ni, ga kifi ina saya wa Toka. Ta ƙi ci. Ta tare a bakin ƙofar ɗakinki, in an taɓa ƙofar gida ta zabura ta je ta duba, ta dawo ta kwanta. Ta yi ta lasar cikinta har gashin wurin ya zube. Da kika dawo kika gani, na ce miki ƙuma ce. Ni ma so na yi ya zama ƙuma ce. Kina shigowa ta ci abinci a gabana kamar ba ita ba. Ke ce da gaskiya, ke ta sani.

Ki tafi da ita.

Yau da safe kina gidan ƙawarki sallama, na haɗa mata akwatin tafiya da ragowar katako mara nauyi. Na sa raga a gaba da gefe don iska, na goge bakin ko'ina don kada ya yanke ta, na yi marfin da sakata. Wannan karon ban ɓata ba. Yana bayan ƙofar ɗakina. Ki ajiye shi a buɗe a ɗakinki tun yau, ki shimfiɗa zanen nata a ciki, ta shiga ta fita da kanta kafin ranar tafiya, kada ya zama ranar ce farkon ganinta da shi. Gobe in Allah Ya kai mu mu je wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi a ba ta maganin tsutsa, ni zan riƙe akwatin. A mota kada ki yarda a sa ta a but tare da kaya, ko direba ya yi ƙorafi. A cinyarki za ta zauna, ki rufa mata ƙyalle mara kauri, in an tsaya a hanya ki ba ta ruwa ba tare da kin buɗe ta a fili ba.

In kun je kika ga ta kasa, ta rame, ta ƙi sabawa duk da kin yi iya yinki, ki kira ni in zo in ɗauke ta da kaina. Ba zan ce miki ai na faɗa ba. Zan riƙe ta yadda ban riƙe na baya ba, gwargwadon abin da tsufa ya koya mini.

Gidan zai yi shiru, na sani. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka, ba ke ba, ba mage ba. Na riga na aika wa Gwaggonki cewa ta riƙa sa tuwo da ni ranar Juma'a.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin kira ni, ki fara gaya mini ko Toka ta ci abinci, ko ta fito daga ƙarƙashin gado, ko ta fara hawa taga. Na san ki, in na tambayi lafiyarki "lafiya lau" za ki ce mini ko da kina kuka. A labarinta zan riƙa jin naki.

Allah Ya kai ku lafiya ke da ita. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya tsare miki imaninki da mutuncinki, Ya sanya albarka a aikinki da abincinki. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka kabarinta. Abin da na yi miki na ɗaga murya, ki yafe mini. Ni ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Ɗanlami kafinta,
Tarauni, Kano.